Gidan da Ba Shi da Zaure

Da rani na sayi filin, a ƙarshen Unguwar Mu'azu, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. A lokacin ina aiki a masaƙa, sashen rini, kuma shekarar ce sojoji suka koma bariki farar hula suka hau mulki. Fili ne mai tsawo, gabansa a kan tudu yana kallon hanya, bayansa yana gangarawa zuwa wani kwari busasshe da awaki ke kiwo a ciki. A bakin kwarin akwai wata tsohuwar bishiyar ɓaure. Ina ganinta na ce a raina nan ɗakin Inna zai kasance, cikin inuwa, nesa da hayaniya.

Don Inna na matsa wa kaina na saya. Mahaifinmu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ta rage ita kaɗai a ƙauye, gwiwoyinta sun fara gazawa, rijiya kuma da nisa. Na yi na yi da ita ta zo gidan hayar da muke ciki, ta ƙi. Ta ce ba za ta kwana ɗaki ɗaya da surukarta ba, kuma ba za ta raba jikoki da shimfiɗarsu ba. In akwai ɗakinta, za ta zo. Na yi mata alkawarin ba za ta sake yin damina a can ba.

Mai zanen gini ya zana mini gida irin wanda na taso a ciki: zaure a gaba, ɗakina, ɗakin uwargida, na yara, kicin, sai ɗakin Inna can ƙurya. Rubutunsa na boko ƙanana ne, don haka na bi kowane ɗaki na rubuta sunansa da ajami. Na kai ofishin tsara birni, aka ce sai jami'i ya je ya ga wurin kafin a ba da izini.

Ya zo a kan babur wata Asabar da hantsi. Mutumin Filato ne, dogo, mai yawan dariya, Hausarsa da ɗan Turanci a ciki. Injiniya kowa ke ce masa. Ya fara da gaba. Ya ce sai na bar wurin hanya, na biya kuɗin magudana, na gina kwata da siminti iyakar faɗin filina, da kwalbati a bakin ƙofa. Duk na yarda. Sai ya gangara baya, ya tsaya a gindin ɓauren yana kallon sama.

"Malam, zo ka gani. Wa ya rataya waɗannan?"

Busassun karan masara ne da tsummoki, maƙale a rassa, daidai ƙirjina.

Na ce, "Watakila yara ne."

"Yaran unguwarku suna da lokaci ke nan. Ruwa ne, Malam. Wanda ya sayar maka bai kawo ka a watan Agusta ba, ko?"

Ya ja awo daga bakin kwarin, ya kafa turaku a jere. Ya ce daga turakun zuwa rafi doka ta hana gini. In shuka abin da nake so, in ɗaure akuya, amma kada in ɗora bulo ko ɗaya. Ya buɗe zanen a kan sirdin babur, ya ja layi da jan biro. Layin ya ratsa ɗakin ƙurya ta tsakiya.

"Wannan me ka rubuta a nan?"

"Ɗakin Inna."

Ya daina dariya. Ya ce, "Sori, Malam. Amma ba zan sa hannu Mama ta kwana a nan ba."

A masaƙa abokan aiki suka yi mini ca. Wani ya ce yanzu ba zamanin soja ba ne, in je wurin ɗan majalisarmu, ai mun zaɓe shi. Na je. Gidan cike da jama'a, na zauna a tabarma tun bayan Azahar har aka kira La'asar. Da na shiga ban gama bayani ba ya ɗaga hannu.

"Malam, je ka gina abinka. Wa zai rushe? In sun zo ka ce ni na ce."

Na yi godiya na fito. Abin da na je nema na samu, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Bai tambayi ina filin yake ba, bai tambayi wa zai kwana a ɗakin ba. Ina tuƙa keke ina tuna yadda Inna ke dafa bango kafin ta miƙe daga kan buzu. In ruwa ya zo, ni mai gudu ne, yara ma haka. Na yi istihara kwanakin nan. Ban yi wani mafarki ba, sai dai kullum na wayi gari ɗakin ƙuryar ya ƙara fita raina.

Na koma ofis na sami Injiniya yana cin gyaɗa a kan tebur. Ya tura mini kujera da ƙafa, muka shimfiɗa zanen. Bene ya fi ƙarfina, kuma Inna ba za ta hau ba. Ɗakin yara in an raba shi ko gado ba zai shiga ba. Can sai ya ɗora yatsa a gaba.

"Wannan babban fa, wa ke kwana a ciki?"

"Ba kowa. Zaure ne."

"Wuri mafi tudu a filin, mafi iska, ba mai kwana?"

Na yi masa bayani, ko da yake ya sani. A zaure baƙo ke sallama, a nan maigida ke zama da mutane, a nan ake ɗaurin aure da zaman makoki. Mata kuwa can ciki suke. Ban taɓa ganin gidan mutumin kirki a garinmu ba zaure ba, balle a sa tsohuwa a bakin hanya.

Ya ce, "Ni dai kakata ɗakinta ne a bakin ƙofa. Ko kaza ba ta fita gidanmu ba ta sani ba. Amma gidanka ne. Ni layi kawai na ja."

Ban yanke ba sai da na je ƙauye. Na durƙusa a bakin ɗakin Inna na gaya mata komai, ina jin nauyin maganar. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika duban fuskata ba. Ta ci gaba da tsince wake.

"Kai, ɗakin yana da taga?"

"Yana da ita, tana kallon hanya. Amma zan sa a toshe, a buɗe wata ta ciki."

"Wa ya aike ka? Tun ina yarinya nake kallon bango. Bar mini tagata."

Haka aka sake zanen. Ƙofar gida ta koma gefe, da ɗan siririn soro da keke kawai ke shiga, zauren ya zama ɗakin Inna. Izini ya fito. Magini ya yi ta gunaguni yana ɗora bulo, wai Malam guda da gemu, gida ba zaure, baƙi a kan kwalbati za su zauna? Na ce masa ya yi kwalbatin da faɗi ke nan. Bai yi dariya ba, amma ya yi shi da faɗi.

Inna ta iso ana saura kaɗan ruwan farko ya sauka. Bayan gida uwargida ta shuka kuɓewa da alayyafo. Wasu shekarun rafin ba ya ko zuwa kusa, wasu shekarun ya kwashe shukar ya tsaya yana lasar turakun, mu tsaya daga tudu muna kallo. Kwatar da na gina da ƙorafi ita ke ɗauke ruwan hanya daga bangon Inna.

Ni kuwa na dasa darbejiya a ƙofar gida, na sa benci. Nan na yi ta karɓar baƙi, kuma ban ga wanda ya raina ni ba. Abin da ban zata ba shi ne kowa sai ya bi ta tagar Inna. Maƙwabciyarmu, mutuniyar Binuwai mai sayar da doya, a nan take ajiye kayanta ta huta, ita ba ta jin Hausar Inna sosai, Inna ba ta jin tata, amma su yi ta hira har rana ta karkata. Ma'aikatan masaƙa in sun taso su gaishe ta, ta tambayi wanda matarsa ta haihu, ta yi wa wanda ya rame faɗa.

Wata rana limamin unguwa ya zo nemana ina bayan gida ina gyara shingen lambu. Da na fito na tarar da takalmansa a bakin ɗakin Inna, shi yana zaune daga bakin ƙofa da ƙwaryar fura a gabansa, tana ba shi labarin wata shekarar fari da aka yi a garinmu kafin a haife shi. Na zauna a benci ina jira. Da ya fito na tambaye shi ko lafiya.

Ya ce, "Lafiya lau. Da ma shawara na zo nema, kuma Inna ta ba ni."

Ya sa takalmansa ya wuce masallaci, na shiga na yi alwala na bi shi.