Silallan Baba da Inna ta wanke

Mahaifinmu ya rasu a shekarun da aka dawo da shari'a a jiharmu, lokacin da kowa ya shiga taka-tsantsan da dukiyar mamaci. Abin da ya bari ba shi da yawa. Gonarsa ta hanyar Dutsi ta tafi a jinyarsa. Sai gidanmu na cikin garin Daura, zaure ɗaya da ɗakuna biyu da bishiyar darbejiya a tsakar gida, sai kuma wata akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa, cike da tsofaffin kuɗi.

Baba fatake ne a ƙuruciyarsa, goro yake kaiwa ƙasar Damagaram ya dawo da dabino da kanwa. Duk kuɗin da aka daina karɓa a kasuwa, shi sai ya adana. Akwai anini da kwabo mai huji, akwai sule da fataka, akwai tamma ta Faransa, akwai manyan liyarai na azurfa masu hoton wata mata mai ƙiba. Kowanne ya naɗe shi a 'yar takarda, ya rubuta da ajami inda ya samo shi da wanda ya ba shi. Muna yara mukan yi masa dariya a ɓoye, mu ce Baba ya fi kowa arziki a garin da ba a ciniki.

Mu uku ya bari tare da mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna: yayana, da ni, da ƙanwarmu da ke aure a Baure. Ni da ƙanwata muka yarda mu bar rabonmu a cikin gidan, Inna ta ci gaba da zama a ɗakin da aka kawo ta tana amarya. Yaya kuwa ya ce a fitar masa da nasa. Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin, har na yi mako ban gaishe shi ba, amma gaskiya ba mugunta ba ce. Cuta ta shiga shanun da yake fatauci da su, ya wayi gari da iyali takwas ba jari. Ni kuma malamin makaranta ne a Sandamu, albashina ba zai fanshi ko zauren ba. Magana ta tsaya a kan abu ɗaya: in akwatin nan ta kai rabon Yaya, gida ya tsira, in ba ta kai ba, sai a sayar, Inna ta tashi.

Da muka je gaban alƙali, Yaya ya ce a kira maƙerin azurfa ya auna kuɗin kawai a huta. Alƙalin dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce maƙeri nauyin ƙarfe ya sani, kuma ba zai raba haƙƙin magada a kan abin da ba a san ƙimarsa ba. Ya ce mu nemo wanda aikinsa ke nan, ya duba, ya rubuto wa kotu takarda da sa hannunsa.

Na sha tambaya kafin a kwatanta mini wani mutum a Kano da ke yi wa kotuna da magada irin wannan ƙiyasi. Na ɗebi guda uku da takardunsu na kai masa. Ya sa farar safar hannu kafin ya taɓa su, abin da ya ba ni dariya a zuci. Ya kafa wani ɗan gilashi a idonsa irin na masu gyaran agogo, ya daɗe yana juya su, ya sa na karanta masa ajamin Baba. Sannan ya ɗago ya ce, “Malam, in sauran haka suke, ina sa ran mahaifiyarka ba za ta bar ɗakinta ba. Zan zo ranar Asabar. Amma don Allah kada kowa ya taɓa su, a bar su yadda ya bar su.”

Na dawo Daura raina fes. Inna tana cikin takaba, ba ta fita ko zaure. Mu kuma mun tashi a kan cewa ba a damun mai takaba da zancen gado, maza ne ke yinsa a waje su kawo mata sakamako. Saboda haka da na shiga gaishe ta, abin da na ce kawai shi ne, “Inna, ranar Asabar za mu yi baƙo daga Kano, zai zo ganin kuɗin Baba.” Ta ce Allah ya kawo shi lafiya. Na mayar da ukun nan cikin akwati, na hau babur ɗina na koma Sandamu. Gargaɗin mutumin yana kunnena, amma ban faɗa mata ba. Ban ga dalilin faɗa ba, don a shekara arba'in ban taɓa ganin ta kusanci akwatin ba.

Ranar Asabar da hantsi na tarbo shi a tasha, muka tarar da Yaya a zaure an shimfiɗa tabarma. Na leƙa ciki in ɗauko akwati, sai Inna ta miƙo mini babban farantinta na tangaran, wanda ba ya fitowa sai da Sallah, an rufe shi da sabon faifai. Tana murmushi, karo na farko tun rasuwar. Na ɗaga faifan. Kuɗin Baba ne gaba ɗaya, tsirara, suna ƙyalli har suna kashe ido.

“Kwana uku na yi a kansu,” in ji ta. “Toka da tsamiya, waɗanda suka yi taurin kai na haɗa musu da yashi. Ka ga hannuna. Ai ba zan bari baƙo ya zo daga Kano ya ga kayan mahaifinku baƙi ƙirin kamar ba shi da mai kula da shi ba.”

Na ce, “Takardun fa, Inna?”

“Sun ruɓe, duk suna marmashewa. Rubutun Larabci ne, wa ya san ko da sunan Allah a ciki? Na ƙone su da kaina, na binne tokar a gindin darbejiya inda ba a takawa.”

Ni mutum ne mai saurin fushi, duk gidanmu an sani. Na buɗe baki zan yi faɗa. Sai idona ya sauka a kan yatsunta, duk sun tsattsage, tsamiya ta cinye gefen faratan. Na fasa, na ɗauki faranti na fita.

Mai ƙiyasin ya dubi farantin, ya dube ni. Ya sa safarsa duk da haka, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har azahar ta yi. Bayan mun idar da salla ya rage murya ya yi mana bayani. Ya ce baƙin launin nan da shekaru suka shafa musu shi masu neman irin waɗannan kuɗi suke saye, don shi ne shaidar ba a taɓa su ba. Yashi ya karce fuskokinsu, a wasu ma ya shafe ƙananan haruffan da ake gane shekarar bugu da su. Takardun kuma su ne asalin kowane guda, da su ake bambanta na gaske da na jabu. Ya ce, “Amana kotu ta ba ni, ba zan rubuta abin da ban gani ba. Yanzu kusan abin da maƙeri zai faɗa shi zan rubuta, da ɗan ƙari kaɗan. Ka gaya musu kada a taɓa kuwa?”

Na ce ban faɗa ba.

Yaya ya yunƙura zai shiga ciki, na riƙe masa riga. Na ce masa in ya kuskura ya faɗa mata, ni da shi har abada. Ya tsaya yana huci, can kuma ya koma ya zauna ya rufe fuska da hannu biyu. A zauren nan muka yi alkawari, muka roƙi baƙon shi ma ya rufa mana asiri. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofar ciki ya yi wa Inna ta'aziyya daga nesa, ya ce ya ga kaya, Allah ya jiƙan mai su. Na gode masa a kan wannan har yau.

Takardarsa ta isa kotu, ƙimar ba ta kai ko kusa da rabon Yaya ba. Alƙali ya jira Inna ta fita takaba, sannan aka sayar da gidan ga wani maƙwabcinmu. Ita dai abin da muka gaya mata shi ne kuɗin da ba sa ciniki ba su da daraja, ta ce dama ta sani.

Ranar da na zo ɗaukarta zuwa gidana na Sandamu, an gama loda kaya a mota, ta koma ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ta daɗe tana kallon tsakar gidan. Ba ta yi kuka ba, ni ne nake ta juya baya ina share ido. Da ta miƙe ta dafa kafaɗata ta ce, “Gida na Allah ne, ya ba mu ya karɓa. Ni abu ɗaya ne ya sanyaya mini rai a duk wannan lamari. Baƙon nan bai tarar da kayan mahaifinku da datti ba.”

Na ce, “Haka ne, Inna.”

Shekara shida ta yi a wurina kafin ta rasu, kuma ta ba maƙwabta labarin wankin nan ya fi a ƙirga, kullum da alfahari. Duk lokacin da ta fara, nakan zauna in saurara har ta gama.