Zanen Inna Ya Fito

Sai kawai batirin kyamarar ya mutu, bayan ɗauka ɗaya tak! Ga Inna, kakata, ta riga ta miƙe tana kakkaɓe zani, wai ta gama, ba ta sake zama gaban wannan abin. Shekarun nan da aka fara shari'a, wa'azin hoto ya shige ta sosai. Ta yarda ne kawai don kawuna da ke Legas, wanda tsadar mota ta hana shi zuwa gida, ya aiko yana roƙon ko fuskarta ya gani.

Kyamarar ma ta aro ce, irin mai kati, ni na koya wa kaina da latse-latse. Da na duba, ashe hannuna ya yi rawa wajen ɗauka, fuskar ta fito dishi-dishi.

Washegari na hau acaɓa daga Mainika zuwa Gwarzo, shagon da ke da kwamfuta. Babu wuta. Na zauna, na tashi, na leƙa titi, na dawo. Sai bayan azahar aka kawo. A kwamfutar akwai wani wuri da ake ƙara wa hoto kaifi, na danna sau ɗaya, ido ya fito. Daɗi ya kwashe ni, na ƙara, na sake ƙarawa. Mai shagon ya ce in bari haka, mata ba sa son a tona musu fuska, sumul suke so. Ban ji ba. Na adana a kan na asalin, ban ware kwafi ba, katin kuma na riga na goge.

Da aka wanko shi gabana ya faɗi. Kowace tamoji ta fito kamar kunyar gero, gefen mayafinta har wani farin layi ya yi. Hanyar komawa ban san yadda na yi ta ba, ina ta tunanin in ce ya lalace.

Na dai miƙa wa Inna, ta karɓa, ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe.

"Kai maigida, haka ake yi wa mata? Ka mai da ni kakar kakata."

Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ta sa yatsa a kuncin hoton, sannan ta shafa nata. Ashe zanen gidansu ne ya fito, askar da tsufa ya shafe har mu jikoki ba mu san da ita ba.

"Aika wa kawunka. Da wannan ya san ni."

Tun ranar, kwafi nake fara warewa, kuma sau ɗaya nake dannawa, kaɗan. Amma har yau ban yanke ba, gyara na yi ko ɓarna. Ku masu taɓa kyamara, kuna ƙara kaifin ko kuna bari? Wa ya taɓa karɓar hotonsa ya ba ku mamaki? Ku faɗa mini.