Fasinjojin Jirgin Kawu Ilu

Duk wanda ya san Kawu Ilu a Talata Mafara ya san shi da biro a kunne da takardar buhun siminti a hammata. Bai taɓa sayen littafin rubutu ba. Tun da aka fara aikin madatsar Bakolori yake tsintar buhunan da leburori suka yar, ya yayyanka, ya ɗinke. A kansu yake rubuta labarin wani jirgi da zai kwashi Hausawa zuwa tauraruwa su noma gero. Kafin shi ban ji wanda ya taɓa wannan shirme a ƙasarmu ba, Allah ya yafe mini kalmar.

Na ce, "Kawu, wanga ba ƙarya ba ce? Ina yi maka tsoron zunubi."

Ya ce, "Turawa sun tai wata, ba su ɗauki baƙin mutum ko guda ba. Ni ma in bar ku ƙasa? Tashi ka ba ni wuri!"

Mugun halinsa, mutanen gari yake sawa fasinjoji. Ka ɓata masa rai, ya soke sunanka. Alhaji Buba mai goro, wanda ya fi kowa kiransa mahaukaci a kasuwa, sai ga shi bayan masallaci yana raɗa: "Malam Ilu, wai da gaske ka sauke ni?"

"Kai da jakinka. Amma jakin na mai da shi, ya fi ka ladabi."

Da ruwan madatsar ya ci gonakin danginmu wajen Maradun, masu dariya suka yi tsit. Kawu ya ba waɗanda suka rasa gona kujerun gaba. Wata tsohuwa ta aiko a tambaya mata ko can akwai fadama.

"Ku ce mata akwai, kuma ba mai zuwa awon gona ya ƙwace."

Ni kuwa na kasa tambayar nawa sunan. Na dame shi da wa'azi, na tabbata ya soke ni tuni. Abin kunya, jirgin da babu shi ya hana ni sukuni shekara da shekaru!

Da ya rasu aka miƙo mini takardun. Kwana uku ina kewaye su kafin na buɗe. A shafin ƙarshe ya rubuta: "Sani ɗan ƙanwata shi ne mai rufe ƙofar jirgi, don shi kaɗai zai duba ta sau bakwai."

Sau uku na karanta don in tabbata.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya sauke shi inda ya fi wurin da ya rubuta mana, ya sa sunansa cikin waɗanda ba a sokewa.