Minti Uku na Mai Ƙararrawa

Shekara ashirin da biyu ya yi yana zama a ɗan teburin da ke ƙasa da kujerun alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara, da agogo a hagunsa, ƙararrawa a damansa. Aikinsa shi ne auna wa kowane lauya minti ashirin na gabatar da hujja da baki, in sun cika ya kaɗa. Lauyoyi suna kiransa Mai Ƙararrawa, suna kuma tsokanarsa cewa ko mahaifinsa ne ya tsaya gaban alƙalai ba zai ƙara masa daƙiƙa ɗaya ba. Wannan shaida ita ce abin da ya mallaka a duniya, domin sau biyu ya zauna jarrabawar zama lauya a ƙuruciyarsa, sau biyu ya faɗi.

Autan gidansu kuwa, wanda shi ya koya masa riƙe alƙalami, karo ɗaya ya haye. Da aka sa ranar da Auta zai tsaya wa wani malamin makaranta da aka kora daga aiki ba bisa ƙa'ida ba, abin da ya kamata shi ne Mai Ƙararrawa ya gaya wa rajistaran kotun cewa lauyan ƙanensa ne, a ba wani teburin. Bai yi ba. Ya gaya wa kansa cewa mai gaskiya irinsa ba ya bukatar irin wannan kariya, kuma daga wannan yarda da kai laifin ya fara.

Da ranar ta zo, Auta ya cire agogon hannunsa ya ajiye a gabansa, ya soma. Kafin minti goma, shugaban alƙalan, wanda aka sani da gyangyaɗi, ya ajiye alƙalami ya karkato gaba yana jefo tambaya, Auta yana amsawa ba tare da duba takarda ba. Mai Ƙararrawa ya san kowace shari'ar da ƙanen ya ambata, har da shafinta. Ya ji a ransa da shi ne a tsaye da ya faɗa fiye da haka, ya kuma san ƙarya yake yi wa kansa. A minti na goma sha bakwai ya kaɗa.

Auta ya dubi agogonsa, ya dubi yayansa, ya rusuna wa alƙalai, ya zauna. Hujjarsa ta ƙarshe ba ta fito ba. Malamin makarantar yana can baya rungume da jakarsa, bai san an taɓa haƙƙinsa ba.

Wata uku Mai Ƙararrawa yana jiran hukunci, yana lissafin cewa in an kori ƙarar, shi ya raba bawan Allah da aikinsa. Ranar da aka karanta, alƙalai biyu suka ba malamin gaskiya, ɗaya ya saɓa. A bakin matakala Auta ya tare yayansa, ya tambayi ciwon ƙafarsa, ya ce Inna tana cigiyarsa, sannan ya rage murya.

"Yaya, ran nan na ga agogo. Ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan gaya ba."

"Da ka kai ƙarata da ya fi mini sauƙi," in ji shi.

"Na sani. Amma kai ka raine ni."

Mai hassada yakan jure a fi shi baki, abin da ba ya jurewa shi ne a fi shi hali. Washegari Mai Ƙararrawa ya shiga ofishin rajistara ya nemi a mayar da shi ɗakin ajiye fayiloli. Rajistara ya yi mamaki, ya ce duk kotun ba wanda aka amince wa agogonsa kamar shi, ya tambayi dalili. Ya ce idonsa ne ya fara rauni. Aka sa masa hannu a takarda, aka kuma yi masa addu'ar samun sauƙi.