Ranar da Aka So a Kore Ni Saboda Tabon Rana

Duk shekarun da na yi ina gadi, ranar da ba ta fita raina ita ce wata Talata cikin bazara, da aka so a kore ni don rana ta yi tabo. Ku sababbin shiga aikin nan, ku saurara.

Ni ban yi lakwal ba, wato boko. A Kara-Kara na tashi. Na yi haƙar rijiya, na yi dako a tasha, na hau bayan babbar mota zuwa arewa, na dawo da raina kawai. Da ƙarfi ya fara ja baya, na samu gadi a wani kwaleji nan cikin Damagaram. Darakta ne ya ɗauke ni da baki, kuma da baki yana iya sallama ta. Ƙofa tana hannuna, haka ma makullin mangaza, wato ɗakin ajiya.

Dokar ajiya ɗaya ce. Wanda ya ba ka kaya, maganarsa ce a kansu har ya dawo.

Madam Rakiya, mai koyar da kimiyya, ta aro madubin hangen nesa daga Yamai. Farin bututu ne mai ƙafa uku, kamar igwar sarakunan da, shi ya sa yara suka sa masa suna Igwa. Ranar da ta ba ni shi, ta saita bakinsa ga rana, ta tara busasshen ganye a bayansa. Nan take hayaƙi ya tashi.

Ta ce, "Baba Ilu, ka ga ganyen nan? Haka idon wanda ya leƙa zai yi. Farar takarda ake tarawa, hoton rana ya sauka a kanta. Kuma kar a shafa gilashin da komai, ko da hannun riga, gogewa yake yi."

Na ce, "Na ji."

An shirya ranar Alhamis iyayen yara da babban mai duba makarantu za su zo kallo. Madam ta tafi Gidimuni sunan ɗan ƙanwarta, motar kasuwa ta lalace musu, wayarta kuma ba ta shiga. Da safiyar Talata darakta ya ce a yi gwaji. Mushe Sani (Mushe 'yan lakwal ke ce wa malam namiji), sarbeyan, wanda ke tsare yara da bulala, ya ce ai ya ga yadda take yi. Na fito da Igwa tsakar fili, ya saita, ya tara takarda.

Rana ta fito a kai, fara, kamar faifai. Amma ga wasu baƙaƙen ɗigo a gefe ɗaya, kamar kashin ƙuda.

Mushe Sani ya busa takarda. Suna nan. Ya sake wata. Suna nan. Sai ya juyo gare ni, da yake gardi suke kiran mai gadi.

"Gardi! Goro kake ci a kan kayan gwamnati?"

Na ce, "Mushe, haƙoran da zan ci goro da su tun a Agadas na bar su."

Yara suka tuntsire da dariya, abin ya ƙara ɓata masa rai. Ya ce to ai kyankyasai ne suka shiga, mangazata ba ta ganin tsintsiya. Darakta ya leƙa takarda, ya yi tsaki, ya ce in kawo omo da tsumma in wanke gilashin tas.

Na ce, "Ba na wankewa."

Ya ce, "Ni ne darakta ko Madam?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. Amma ita ta ba ni ajiya."

"To, kafin a tashi yara, ko ka wanke, ko ka same ni biro, ka aje mini makulli a kan teburina."

Ku lura, ga omo, ga ruwa, ga su da hannuwansu. Ba wanda ya miƙa hannu. Kayan Yamai ne, in za su lalace, gara a hannun gardi.

Na rufe bakin Igwa, na jawo bencina na zauna gindinta. Ba zan ce ban ji tsoro ba. Gida cike yake da baki, gero ya yi tsada, kuma ba mai ɗaukar tsoho dako. Amma in na wanke ya goge, ni ne. In ban wanke ba, ni ne. Na ce gara a kore ni kayan mutane na lafiya.

Rana ta take, ana shirin buga ƙararrawa, sai ga kabu-kabu ya tsaya a ƙofa. Madam ce, da ƙullin kayan suna a hannu. Mushe Sani ya tare ta da labari tun kafin ta sallami mai babur. Ta buɗe Igwa, ta tara takarda, sai ta yi tafi kamar an yi mata albishir.

"Alhamdulillahi! Addu'ata ke nan, su kai Alhamis!"

Darakta ya ce, "Datti kike wa addu'a?"

Ta ce, "Mushe darakta, duba nan." Ta murza ɗan ƙaramin gilashin baya. Ta ce da datti ne, da ya juya tare da shi. Ɗigon ba su motsa ba. Ta ce mu tsaya mu gani. Hoton rana ya riƙa jan jiki a kan takarda, ɗigon suna bin sa.

"A jikin rana suke," in ji ta.

Ta yi bayani, ga abin da na riƙe. Rana ba dutse ba ce, dunƙulen iska ce mai tsananin zafi. Can tsakiyarta ake toya zafin, yana tasowa sama, fuskarta tana tafasa kamar kunu a tukunya. Ɗigon nan wurare ne da zafinsu bai kai na kewaye ba, shi ya sa suka yi duhu, amma wutar maƙera ba ta kusa da su a zafi. Wani ɗigon ya fi duniyarmu girma. Wasu shekaru su yi yawa, wasu shekaru a neme su a rasa. Kuma rana tana juyawa a kan kanta, tana tafe da su.

Mushe Sani ya ce shi a littafi ya san su, bai taɓa zaton za su zo Damagaram ba.

Madam ta juyo gare ni. "Baba Ilu, an taɓa gilashin?"

"An so."

Ta dubi kwanon omo, ta dafe ƙirji. Darakta ya gyara murya ya ce, "Ilu, me kake jira? Koma ƙofa." Iyakar ban haƙurin ke nan. Da la'asar dai Mushe Sani ya kawo mini shayi da kansa.

Madam ta zana wurin ɗigon da fensir. Ranar Alhamis aka tara takardar, sun gusa daga inda suke. Darakta ne ya yi wa baƙi bayani, har da kunu a tukunya, kamar shi ya dama. Ni na riƙe takarda.

Abin da na koya ke nan. A aikinmu, duk abin da aka gani ba a gane ba, mai makulli ake fara kira. Manya ba mugaye ba ne, tsoro suke ji kamar kowa, sai dai su suna da wanda za su miƙa wa tsumma. Kar ka yi musu, kar ka yi rantsuwa. Zauna gindin ajiyarka har mai ita ya zo.

Na bar aiki da makullina a hannu, ni na miƙa shi da kaina. Rana kuwa, Madam ta ce har yau tana fitar da tabonta, kuma ban ji an kira gardinta biro ba.