Muka Ce Ciwon Bayansa Ne

Edita, ina gaisuwa, ina kuma roƙon ɗan wuri a wannan shafi. Ban yi karatu mai zurfi ba, a firamare na tsaya, don haka a yi haƙuri da yadda zan jera maganata. A farkon shekarun tamanin ni matar lebura ce a Panshekara. Muna haya a ɗaki biyu da 'ya'yanmu uku, in na sauke tukunya sai na ɗauki ɗinkin hula. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana aiki a wani kamfanin jima a Challawa. Aikinsa shi ne ya ciro jiƙaƙƙun fatun shanu daga manyan gangunan da ake juya su a ciki, ya saɓa a kafaɗa, ya kai inda ake matsewa. Fata in ta sha ruwa nauyinta daban ne. Abokan aikinsa Giwa suke ce masa, shi kuma yana jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata.

Tun kafin mu haifi ta biyu bayansa ya fara ciwo, daga ƙugu zuwa cinyar dama, kuma bai sake barinsa ba. Da tafiya ta yi tafiya sai ciwon ya zama kamar ɗan gida, mun san halinsa, mun san abin da yake so. In Maigida ya dawo daga aiki yakan yi rub da ciki a tabarma ya ce na taka masa, na dafa bango na hau, ina jin ƙashi yana ƙara a ƙarƙashin ƙafata, shi kuwa yana tsokanata wai na ƙara nauyi, tuwon gidan nan ni kaɗai yake wa amfani. Sauran maganin kuma wasu fararen ƙwayoyi ne da mai tebur yake sayarwa a bakin ƙofar kamfani. Kowane lebura yana da su a aljihu, suna miƙa wa juna kamar goro. Yakan watsa su a baki da safe ya kora da baƙin shayi, cikinsa babu komai, ya hau keke. Da farko biyu yake sha, daga baya na daina dubawa domin raina ɓaci yake. Akwai ɗakin magani a kamfanin, amma ba ya son zuwa. Lokacin ana ta rage ma'aikata, heluma, shugaban leburori, kuwa yana lura da masu yawan zaman bencin asibiti. Ko ya je ma, malamin da yake wurin ya riga ya sa masa suna mai baya, kuma irin ƙwayar mai tebur ɗin dai yake ƙunso masa a takarda.

Dole na faɗi halin mijina, ko da yake ba na son a ce na yi ƙorafin mamaci. Mutum ne da ba a taɓa tambayarsa ya jiki ya ce wani abu ban da da sauƙi ba. Ko yana cije leɓe, ko gumi yana tsiyayo masa, amsar kenan. A wurinsu namiji ba ya bayanin ciwo, wannan aikin mata ne da yara. A 'yan watannin ƙarshe na ga abubuwan da ban gane ba. Ya daina zuba yaji a abinci, shi da ko kunu sai ya nemi yaji. Ya koma jiƙa kanwa yana sha, kuma in yana zaune sai na ga hannunsa a saman cibiya. Da na tambaye shi sai ya yi dariya ya ce shi bai sani ba ko mata ya aura ko ɗan sanda, mutum ba zai dafa cikinsa ba sai an rubuta rahoto. Na yi dariya ni ma, na ƙyale shi.

Wata ranar Talata da hantsi ina wanki sai ga wani abokin aikinsa ya kawo shi a babur, ya riƙo shi har ɗaki. Shi ya ba ni labarin abin da ya faru. Wai Giwa ya sunkuya zai ɗauki fata kenan sai ya yi wani nishi ya durƙushe a jikin ganga, ya kasa tashi. Suka kai shi ɗakin magani. Malamin yana ganinsa daga nesa ya ce a'a, mai baya ne yau kuma, ai tun tuni ya faɗa masa ya rage jarumta. Bai ce ya kwanta ya duba shi ba, bai taɓa shi ba. Ya yi masa allura, ya ƙara masa ƙwayoyin nan, ya ba shi hutun kwana biyu. Na tambayi mutumin ko Maigida ya faɗi inda yake masa ciwo, ya ce ai ba a tambaye shi ba, kowa ya san bayansa ne.

Ni da na yi shekara da shekaru ina jinyar bayan nan, ina shiga ɗakin na san wannan baƙo ne. Ciwon baya juyi yake sa shi, ya kwanta nan, ya koma can, ya nemi matashi, ya yi mita. Ran nan kuwa rigingine ya yi ya ɗan tanƙwashe gwiwoyinsa, ya ƙi motsi ko kaɗan, numfashinsa ma sama-sama kamar mai tsoron ya tashi wani daga barci. Fuskarsa ta yi fari. Na ce ya juya na taka masa, sai ya kama wuyan hannuna ya girgiza kai. Da na kai hannu cikinsa na ji shi tauri kamar allo. Na ce Maigida wannan ba bayan ba ne. Ya rufe ido ya ce da sauƙi, a dai aika wa Yaya.

Yaya shi ne wansa, a Kumbotso yake, yana sayar da hatsi yana kuma limancin masallacin unguwarsu. Shi ya riƙe mijina tun rasuwar mahaifinsu, ba a yanke komai a gidanmu sai da shi. Mutumin kirki ne, har ya bar duniya bai bar 'ya'yana sun tagayyara ba. Amma ran nan ya zo da amsarsa tun daga gida. Ya tsaya a kan ƙanensa ya ce ai ya daɗe yana faɗa, mataccen jini ne ya taru a bayan nan, ƙwayar Bature ba ta fitar da shi, ƙaho kawai za a yi. Ni ban taɓa haɗa ido da Yaya ba, ko magana zan yi masa daga bayan labule nake yi. Daga nan ɗin na tattaro ƙarfin hali na ce Yaya ku yi haƙuri, ni dai a ganina cikinsa ne, da an kai shi asibitin cikin gari. Ya ce uwar yara kenan, tun yaron nan yana goye ya san shi, kuma ba malamin asibiti ne ya gan shi ɗazu ba, ko na fi malamin sani ne. Sannan ya juya ya tambayi ƙanensa, bayan ne ko. Wannan ita ce tambayar, ba ina ne yake maka ciwo ba. Mijina kuwa bai taɓa ce wa Yaya a'a ba tun da aka haife shi. Ya ce har da bayan. Aka kira wanzami.

Abin da ya ƙara rufe mana ido shi ne, bayan la'asar ciwon ya ɗan lafa. Maigida ya buɗe ido, ya karɓi ruwa, har ya tambaya ko an dawo da kekensa. Yaya ya leƙo ya ce to uwar yara, kin gani ko, ya tafi da murna. Maƙwabta suna ta shigowa gaisuwa, kowa ya ce ya jiki, shi ya ce da sauƙi, su ce ai ciwon nasa ne, Allah ya ƙara afuwa. Ni ma na fara jin kunyar abin da na faɗa. Na ƙara masa ƙwaya da hannuna kamar yadda malamin ya ce. Washegari cikin ya kumbura, jikinsa ya yi zafi, abin da ya sha duk ya dawo. Na aika wa Yaya, ya ce a jira ƙahon ya gama aikinsa. Sai da aka sake kwana, mijina ya fara kiran mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa, sannan aka nemo tasi.

A babban asibiti wani likita ne ya karɓe mu, ba babba ba ne a shekaru. Yaya ya fara yi masa bayanin ciwon baya, likitan ya ce Malam ku ɗan dakata, mai jikin zai faɗa. Ya jawo kujera ya zauna daidai kan mijina, wanda hankalinsa ya ɗan dawo bayan an sa masa ruwa. Ya ce ya nuna masa wurin da yatsa ɗaya. Ya tambaye shi yaushe ya fara, a hankali ya zo ko farat ɗaya, suka yake yi ko ƙuna ko murɗa, motsi yana ƙara shi ko yana rage shi. Sannan ya tambaye shi ko wannan ciwon shi ne wanda ya saba da shi, ko wani ne daban. Ina tsaye ina ji mutumin da na yi zaton bai iya bayanin ciwo ba ya buɗe baki. Ya ɗora yatsa a saman cibiya. Ya ce wani ne daban, tun a jikin ganga ya san ba bayan ba ne, ji ya yi kamar an soka masa wuƙa an bar ta a ciki. Ya ce wata da watanni wurin yana masa ƙuna in yunwa ta kama shi, kuma bayan gidansa ya koma baƙi. Duk wannan yana bakinsa. Likitan ya ce me ya hana shi faɗa, ya ce ba a tambaye shi ba, kuma bai so ya ƙaryata Yaya a gaban mutane.

Likitan ya yi mana bayani a tsaye, ana shirin shiga da shi tiyata. Ya ce irin ƙwayoyin nan in aka daɗe ana shan su, balle da yunwa, sukan ci ciki su yi gyambo, gyambon ne ya huje. Ya ce lafawar da muka gani ran farko haka wannan ciwon yake yaudarar mutane. Bai ce da mun zo da wuri da kaza ba, kallon tabon ƙahon kawai ya yi ya ja masa riga. An yi aikin, ya farfaɗo, ya gane ni. Na ce Maigida ya jiki, don bakina ya saba, ya ce da sauƙi. Bai kai Juma'a ta gaba ba.

Na san kwana ne ya ƙare, ban taɓa jayayya da wannan ba. Amma ba zan ɓoye ba, na daɗe ina jin haushi, kuma har yau in na tuna sai ya taso. Ina jin haushin malamin da ya kalli fuska ya rubuta magani. Ina jin haushin Yaya da ya yi tambayar da amsarta ɗaya ce. Ina jin haushin labulen da na tsaya a bayansa na faɗi gaskiya sau ɗaya, a hankali, na koma na zauna. Wanda na fi jin haushi kuwa shi ne shi kansa, Allah ya gafarta masa, da ya zaɓi a ce Giwa bai taɓa raki ba, ya bar ni da yara uku, ƙaramar ko yaye ban yi mata ba.

Wannan ƙaramar ita ce ta zama ma'aikaciyar jinya. Ita take gaya mini cewa ciwo kansa ilimi ne da ake bincike a kai, ana koya musu su raba wanda ya daɗe yana tare da mutum da wanda ya faɗo yanzu, domin kowanne da yadda ake bi da shi. Ta ce wanda ya daɗe ba yawan ƙwaya yake so ba, lallaɓa yake so da sauya aiki da ganin likita a kai a kai. Sabo kuwa, musamman mai tsanani, ƙararrawa ce, ba a kashe ta a koma barci. Har suna sa mara lafiya ya auna musu zafin da kansa, daga kaɗan zuwa wanda ba ya jurewa. Ina sauraronta ina tunanin duk wannan ilimin bai wuce a ja kujera a zauna a tambayi mutum ba, kuma shi mutumin ya daure ya faɗa.

Don haka nake roƙon masu karatu, musamman matan masu aikin ƙarfi da 'yan'uwansu. Mai tsohon ciwo shi ya fi kowa shiga haɗari, domin duk abin da ya same shi sunan tsohon ake sa masa. In kuka ga ya kwanta ba yadda ya saba ba, ko ya ƙi abin da yake ba shi sauƙi a da, kada ku jira. In babba ya ce a'a, ku ba shi girmansa, ku maimaita maganarku da ƙarfi, fushinsa zai huce. Ku kuma maza, faɗin inda yake ciwo ba raki ba ne, kuma ƙwayar bakin ƙofa ba goro ba ce. Jikokina suna yi mini dariya wai Kaka ba ta iya gaida mara lafiya ba, domin duk wanda ya ce mini da sauƙi ba na tashi. Nakan ce na ji, Allah ya ƙara, yanzu nuna mini wurin da yatsa ɗaya, ka gaya mini ko wanda ka sani ne ko wani ne daban.