Ranar da Na Sa Aka Goge Muryar Malam

Ni ban yi boko ba, maigidana Malam ma bai yi ba, Allah ya jiƙansa. Shi ya sa da waya ta zo da saƙon murya muka ji kamar don mu aka yi ta. Gidanmu a Gashua yake, amma fataucin busasshen kifi ya sa rabin rayuwarsa a Nguru ya yi ta. In ya tafi sai ya danna tasa ya yi magana, ni kuma in danna tawa in ji. "Kin ba awaki ruwa?" "Ƙafar taki fa?" Wani lokaci ba shi da abin faɗa, sai mitar direba da ramukan hanya, ina jiyo hayaniyar tasha a bayansa.

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke shi, irin wanda ya ɗauke maza da yawa a garin nan. Da takaba da bayan takaba, saƙonnin nan su ne abokan zamana. In na idar da sallah sai in danna hotonsa, ya tambaye ni awaki, in yi kukana in tashi.

Ana nan 'yata da ke aure a Dapchi ta aiko cewa saƙonta ya daina shigo mini. Na ɗauki wayar na kai wa mai gyara a kasuwa. Ya duba ya yi dariya.

"Iya, wayarki ta ƙoshi har ta yi gyatsa. Sai an rage mata kaya."

Ya juyo mini da fuskarta. Wani dogon zane ne a kwance, gaɓa-gaɓa kamar rake, kowace gaɓa da launinta. Akwai babba shuɗiya da ta kusa cinye zanen duka, akwai matsakaita, sai wata 'yar ƙarama koriya a can ƙarshe. Akwai rubutu a ƙarƙashin kowace, ya karanta mini, ban riƙe ko ɗaya ba. Ban kuma tambaya ba, don ina ganin zanen na ce a raina ai na san wannan.

Rumbu na gani. A gidan ubana haka ake raba cikin rumbu da katanga. Babban ɓangare na geron ci ne, kullum ana ɗiba, in ya ƙare damina ta mayar. Ɗan ƙaramin ɓangare kuwa na iri ne, ko yunwa za ta kashe ku ba a taɓa shi. Tun ina yarinya abin da idona ya saba da shi ke nan: mai daraja kaɗan ne, kuma a lungu ake ajiye shi. To me ya fi muryar Malam daraja a wayar nan?

Na ɗora yatsa a kan koriyar. "Wannan kada ka kuskura ka taɓa ta. Babbar nan ka kwashe."

"Iya, duk abin da aka taɓa turo miki yana cikinta fa."

Na tuna bidiyon biki da na suna da 'yan uwa ke cika ni da su, mata suna ta juyi, ban ma san su ba.

"Kwashe, ɗan nan. Ni za ka koya wa ajiya?"

Ya danna. Shuɗiyar ta janye kamar ruwan fadama da rani, zanen ya yi fari fes. Har albarka na sa masa.

Da na idar da la'asar na danna hoton Malam. Hoton yana nan, da hularsa a karkace. Ƙarƙashinsa babu kome. Na koma kasuwa ko takalmi ban sa daidai ba. Mai gyara ya buɗe mini 'yar koriyar da na hana a taɓa. Kiɗe-kiɗen da waya ke yi ne in an kira ka, waɗanda aka sayo ta da su. Su na tsare. A nan gaban rumfarsa na zauna a ƙasa, ya rasa yadda zai yi da ni, sai ruwa ya miƙo mini.

Jikana, wanda yake rubuta wannan da nake faɗa, a Kano yake aiki. Da ya zo ya ji labari, sai ya ce ai irin zanen nan sana'arsa ce, su ne masu tsara yadda waya da kwamfuta za su nuna wa mutum abin da ke cikinsu.

"Ashe kai ne ɓarawon," na ce. "Ina kiranka angona, kana can kana haƙa mini rami."

"Kaka, ba ni na zana wannan ba. Kuma girman gaɓa nauyin kaya yake nunawa, ba darajarsu ba."

"Wa ya gaya mini? Launi yana magana ne?"

Ya ce to ni da yaya zan so a zana. Na gaji, amma na gaya masa. A sa fuskar mutanen da ke cikin kowace gaɓa. In za a goge, wayar ta buɗe baki ta ce ga wanda za ki rasa. Tana iya kiran sallah, wannan ne zai gagare ta? Ya rubuta a tasa wayar. Ban san ko za su ji shi ba, kuma ni dai ba zai amfane ni ba.

Ya yi ta fama da wayata, bai samo kome ba. Ta Malam kuwa tun wajen rabon gado aka wanke ta aka sayar. Sai ya hau mota zuwa Nguru, ya bi masuntan da kakansa ke sayen kifi wajensu yana tambaya. Yawancinsu sun canza waya. Wani tsoho ɗaya ne ya samu saƙo guda a tasa, ya turo.

Ba da ni Malam yake magana a cikinsa ba. Gajere ne ƙwarai. Ya yi sallama, ya yi tari, ya tambayi ko ruwa ya sauka, ya ce a ajiye masa tarwaɗa masu kyau, kada a ba shi irin na wancan zuwan. Muryarsa ta kasuwa ce, mai kauri, ba wadda yake tambayar ƙafata da ita ba.

Ita nake da ita yanzu. In ya yi sallama nakan amsa kafin mutumin Nguru ya riga ni. In ya tambayi ruwa sai in ce ya sauka, Malam, ko da bai sauka ba.